Kuɗin makarantar unguwa: wa ke riƙe da takardun, wa ke da ikon ganinsu?

Duk lokacin da iskar farkon damina ta yaye kwanon aji a wata makarantar firamare a Katsina ko Daura, magana iri biyu ce ke yawo a unguwa. Wasu su ce gwamnati ta manta da makarantar, wasu kuma su ce ai kuɗin gyara sun zo tun bara, an cinye su ne. Da wuya a sami wanda ya taɓa ganin takarda ko ɗaya a cikin masu maganar, kuma da wuya wanda ake zargi ya fito da takardar da za ta wanke shi, ko da kuwa hannunsa tsarkakakke ne. Haka zancen zai yi ta tafiya a majalisu da gidajen suna har ruwa ya ɗauke, yara suna cunkushe a ajin da ya rage, babu wanda aka kama da laifi, babu kuma wanda aka wanke.

Kafin a kai ga batun takardu, sai an fara warware wa ke da iko da me, domin da yawa daga cikin zargin da ake ɗora wa hedimasta ko kwamitin makaranta a kan abin da ba ya hannunsu ne. A Amurka, alal misali, jama'ar gunduma ne galibi ke zaɓen hukumar makarantunsu ta hanyar ƙuri'a, hukumar ce ke amincewa da kasafin kuɗi, ita ce ke ɗaukar babban jami'in da zai tafiyar da makarantun, kuma kowace jiha tana da dokar da ta tilasta a yi zaman irin wannan hukuma a bainar jama'a. Tsarinmu ya sha bamban da wannan. A nan an rarraba ikon hawa-hawa: akwai hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, a Abuja, akwai takwararta ta jiha, SUBEB, a birnin Katsina, akwai ofishin ilimi a kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 34 na jihar, ƙarƙashin sakataren ilimi, can ƙasa kuma akwai kwamitin kula da makaranta, wanda aka fi sani da SBMC. Kowane hawa yana da nasa kuɗin da nasa takardun, kuma mai tambayar da ya ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba zai koma gida da amsar da ba ta da amfani.

Tushen wannan tsari shi ne dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta biyo bayan shirin da Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999. Dokar ta wajabta karatun shekara 9 kyauta, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, ta kuma ware wa shirin aƙalla kashi 2 cikin 100 na babban asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Sai dai jiha ba ta cin moriyar tallafin gine-gine sai ta ajiye nata kason, wato aƙalla rabin kuɗin ayyukan da za a yi. Akwai wani sashe na dokar da iyaye da yawa ba su san da shi ba: wanda ya karɓi kuɗin makaranta a kan wannan karatu na kyauta ya aikata laifi, kuma ana iya cinsa tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata 3, ko a haɗa masa duka biyun. Wannan sashe ne ya sa duk wani karo-karo da ake yi a makarantar gwamnati, na alli ne ko na jarrabawa ko na maigadi, yake buƙatar a rubuta wa ya yanke shawararsa, da yardar wa, kuma ina kuɗin suka shiga.

Shi kuwa kwamitin kula da makaranta, majalisar ilimi ta ƙasa ce ta amince da kafa shi a tsakiyar shekarun 2000, da nufin a jawo jama'ar gari cikin tafiyar da makarantar 'ya'yansu. Ya bambanta da ƙungiyar iyaye da malamai da aka saba da ita tun da daɗewa, domin ya fi ta faɗi: a cikinsa akwai wakilin sarauta, da wakilan malaman addini, da na mata, da na tsofaffin ɗalibai, da na masu sana'ar hannu, da na malaman makarantar, da na iyaye, har ma da wakilan ɗalibai. Aikinsa shi ne tsara abin da makaranta ke buƙata bisa fifiko, da bibiyar zuwan yara da na malamai, da nemo taimako daga gari, da kai kuka sama. Ba ya ɗaukar malamin gwamnati, ba ya korarsa, ba ya biyansa albashi, kuma ba shi ke ba da kwangilar manyan gine-gine ba.

Da a nan abin ya tsaya, da batun takardun kwamitin bai zama babba ba. Abin da ya canza lissafi shi ne shigowar tallafin da ke zuwa kai-tsaye asusun bankin kwamiti. Katsina tana cikin jihohin da aka gudanar da kashi na uku na shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF da gwamnatin Birtaniya daga 2012 zuwa 2022. Tana cikin jihohi biyar, tare da Jigawa da Kaduna da Kano da Sakkwato, da suka amfana da shirin tallafa wa ilimin firamare na NIPEP, na dala miliyan 100, wanda ya fara a 2015. Tana kuma cikin jihohi bakwai na farko a shirin AGILE na Bankin Duniya, mai tallafa wa karatun 'yan mata matasa, wanda aka amince da shi a 2020 da dala miliyan 500. Waɗannan shirye-shirye sun yi amfani da hanyar ba kwamitocin makarantu kuɗin gyare-gyare a hannu, bisa tunanin cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tunanin yana da kyau, kuma a wurare da dama an ga amfaninsa, amma ya mayar da dattawan da suka shiga kwamiti don neman lada masu riƙe da dukiyar jama'a, da duk nauyin da ke tattare da hakan. Wani ɓangare na irin waɗannan kuɗi ma rance ne mai sauƙin sharuɗɗa wanda ƙasa za ta biya, don haka kalmar tallafi kada ta sa a ɗauka kyauta ce daga sama.

Takardun da ake magana a kansu ba su da yawa, kuma babu wadda ke buƙatar kwamfuta. Ta farko ita ce littafin bayanan taro, inda ake rubuta ranar zama, da sunayen waɗanda suka halarta, da abin da aka yanke, da wanda ya goyi baya ko ya ƙi. Muhimmancinsa shi ne yana nuna ko shawarar gyara makewayi kafin sayen benci ta kwamiti ce ko ta mutum biyu a ofishin hedimasta. Ta biyu ita ce littafin shiga da fitar kuɗi, wanda ba shi da wata daraja sai an ajiye shi gefen takardar bayanin asusu daga banki an gwada su layi-layi. Idan banki ya nuna an cire kuɗi ranar Talata, littafin ya kamata ya nuna abin da aka yi da su, kuma a sami rasidin mai siminti ko sa hannun kafinta a bayansu. Sai littafin kayan makaranta, wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi alhali kuwa ta nan ɓarna ta fi shiga: benci nawa aka kawo, littattafai nawa aka karɓa daga SUBEB, nawa aka raba wa yara, nawa ke kulle a sito, tsohon kwanon da aka cire daga aji ina ya tafi. Sai kuma rajistar ɗaukar ɗalibai da ta kiran suna, da littafin da malamai ke sa hannu da safe. Waɗannan na ƙarshe ba takardun kuɗi ba ne a zahiri, amma daga gare su ne ake cike ƙidayar makarantu ta shekara-shekara, kuma da wannan ƙidaya ake raba malamai da littattafai da ajujuwa. Makarantar da ta ƙara sunaye a rajista ta cinye rabon wata makarantar.

Inda gizo ke saƙa shi ne wanda ke riƙe da waɗannan littattafai. A tsarin da aka saba, hedimasta ne sakataren kwamiti, wato shi ke rubuta bayanan taro, shi ke ajiye su, kuma galibi yana cikin masu sa hannu a asusu tare da shugaban kwamiti da ma'aji. Ma'ana, mutumin da aka kafa kwamiti don ya sa ido a kan aikinsa shi ne ke riƙe da alƙalamin kwamitin. Wannan ba zargi ba ne a kan hedimastoci, waɗanda da yawansu daga aljihunsu suke sayen alli. Aibi ne na tsari. Idan aka haɗa shi da shugaban kwamiti dattijo wanda bai yi boko ba, da takardun da aka rubuta da Turanci, sai a wayi gari sa hannun mutum uku ya koma sa hannun mutum ɗaya, musamman inda aka saba sa wa takardar cire kuɗi hannu tun ba a rubuta adadi ba, wai don kada a wahalar da dattijo zuwa banki. A ganina gyaran farko mai arha ne: a rubuta bayanan taro da littafin kuɗi da Hausa, da boko ko da ajami, a kuma ba wani ɗan kwamiti da ba ma'aikacin makarantar ba kwafi ya ajiye a gidansa. Babu abin da ya hana a cike fom ɗin masu ba da tallafi da Turanci, a kuma riƙe na 'yan gari da harshensu.

To, idan aka ƙi nunawa fa? A nan ne dokar 'yancin samun bayanai ta shigo, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011. Dokar ta ba kowane mutum damar neman takardar da ke hannun hukumar gwamnati, kuma ta faɗa ƙarara cewa ba sai mai nema ya bayyana dalilinsa ko ya nuna abin ya shafe shi ba. Hukuma tana da kwana 7 ta ba da takardar ko ta rubuta dalilin hanawa, tana iya ƙara wasu kwana 7 idan takardun suna da yawa, kuma shirun da ya wuce wa'adi ana ɗaukarsa a matsayin hanawa. Idan takardar tana hannun wata hukuma ce daban, wadda aka tambaya ita ce za ta tura buƙatar can, ta sanar da mai nema. Kuɗin da za a caji mutum bai wuce na yin kwafi ba. Wanda bai iya rubutu ba yana iya nema ta hannun wani, kuma jami'in da aka yi wa buƙata da baki wajibi ne ya rubuta ta, ya ba mai nema kwafi. Wanda aka hana yana da kwana 30 ya garzaya Babbar Kotu, inda nauyin kawo hujja yake kan hukumar da ta hana. Hanawa ba bisa ƙa'ida ba tana jawo tarar naira 500,000, shi kuwa jami'in da ya lalata takarda ko ya sauya ta da gangan yana fuskantar ɗaurin aƙalla shekara ɗaya. Ma'anar hukumar gwamnati a dokar tana da faɗi, domin ta haɗa har da kwamitoci da ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke kashe kuɗin jama'a ko suke gudanar da aikin jama'a, kuma bisa wannan fahimtar da wuya kwamitin makarantar da ya karɓi tallafi ya ce dokar ba ta hau kansa ba.

Shekaru da dama jihohi sun fake da hujjar cewa wannan doka ta tarayya ce, ba ta aiki a kansu sai majalisarsu ta yi tata, kuma a 2018 kotun ɗaukaka ƙara da ke Benin ta goyi bayan wannan ra'ayi a shari'ar da aka shigar kan hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta Jihar Edo. Kotun Ƙoli ta soke wannan hukunci ranar 11 ga Afrilu, 2025, ta tabbatar da cewa dokar ta shafi kowane matakin gwamnati. Saboda haka a yau SUBEB da ofishin sakataren ilimi na Daura ko Mashi ko Dutsin-Ma duk suna ƙarƙashinta.

Amma a faɗi gaskiya, babu manomin da zai ɗauki lauya ya je Babbar Kotu saboda littafin kuɗin makarantar ƙauyensu, kuma ko da yana da hali, akwai abin da ya fi kuɗin lauya nauyi. A garuruwanmu, tambayar dattijo rasidi a gaban mutane kusan daidai take da kiransa ɓarawo. Shugaban kwamiti yana iya zama surukin mai tambaya, ko limaminsa, ko ƙanin magajin gari, kuma matashin da ya miƙe a taro ya ce a nuna masa takardar banki za a daɗe ana kiransa marar kunya. Mata kuwa, waɗanda su suka fi sanin ranar da malami bai zo ba domin su yara ke dawo wa gida, sau da yawa sunayensu ne kawai ke cikin jerin 'yan kwamiti. Don haka duk tsarin da ya dogara a kan wani ya tashi ya tambaya ya riga ya gaza. Dokar ta 2011 kanta ta hango wannan, domin ta ɗora wa hukumomi nauyin ajiye bayanai cikin tsari da kuma wallafa wasu daga ciki da kansu, har da na karɓa da kashe kuɗin jama'a, tun ba a nema ba. A matakin makaranta wannan yana nufin a mayar da karanta lissafi al'ada: ƙarshen kowane zangon karatu a tara iyaye, ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a liƙa kwafi a bangon ofis, a kuma aika wa taron mata nasu. Idan karantawar ta zama ƙa'ida ga kowa, babu wanda ya zargi wani, babu kuma wanda aka ci wa fuska.

An gwada irin wannan a wasu wurare. A Uganda, wani bincike da aka yi a 1996 ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995 kusan kashi 13 cikin 100 ne kawai na kuɗin gudanarwa da gwamnati ke aika wa makarantun firamare yake isa gare su, sauran suna maƙalewa a ofisoshin gundumomi. Gwamnati ta fara buga adadin da ta saki a jaridu kowane wata, ta kuma umarci makarantu su liƙa abin da suka karɓa a allon sanarwa, kuma zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. Masana sun yi muhawara kan ko sanarwar ce kaɗai ta kawo wannan canji, ganin cewa an yi wasu gyare-gyare a harkar ilimin ƙasar a daidai lokacin, amma babu mai musun cewa hedimastan da ya san nawa aka aiko masa ya fi wanda bai sani ba ƙarfin bin haƙƙinsa. A jihar Rajasthan ta Indiya kuma, tun tsakiyar shekarun 1990 aka fara tarukan ƙauye inda ake karanta takardun ayyukan gwamnati da babbar murya, masu aikin ƙwadago da ba su iya karatu ba suna ji suna cewa wannan suna na mamaci ne, wancan ginin ba a yi shi ba. Wannan salon ya fi kusa da halinmu, domin kunne ne babbar hanyar samun labari a karkarar Katsina, ba shafin intanet ba.

Buɗe takardu yana da iyaka, kuma masu neman gaskiya su ma suna iya yin ɓarna. Dokar ta 2011 ta kare bayanan sirri na ɗalibai da fayilolin ma'aikata, ta kare tambayoyin jarrabawa da amsoshinsu, sannan dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ƙara tsaurara batun bayanan yara. Uba yana da damar sanin yara nawa ne a aji huɗu da kuma yawan waɗanda suka daina zuwa, amma ba shi da damar ɗaukar hoton rajista da sunayen 'ya'yan mutane ya watsa a Facebook. A jihar da aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, bayanan ɗakunan kwana da tsarin gadi ba abin liƙawa a bango ba ne. Sai dai dokar ta ce idan takarda ta ƙunshi abin da aka kare da wanda ba a kare ba, a cire na farkon a ba da sauran, don haka kalmar sirri ba ta isa ta rufe farashin katangar makaranta ba.

Kada kuma a shagala da kuɗin kwamiti a manta da inda manyan kuɗi suke. Sabbin ajujuwa da kujeru masu yawa kwangilar hukumar jiha ce, kuma sau da yawa kwamiti ba ya sanin komai sai ya ga tifa ta sauke yashi. Takardun da suka dace a nema a nan su ne takardar ba da kwangila, da jadawalin kayan aiki da ke nuna kaurin kwano da irin katako da yawan siminti, da takardar shaidar kammala aiki wadda ake biyan ɗan kwangila da ita. Magini da kafintan da ke cikin kwamiti za su iya gane ha'inci cikin yini ɗaya idan jadawalin yana hannunsu, amma ba tare da shi ba iyakarsu su ce ginin bai yi musu kyau ba. Haka batun malamai yake. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, kuma hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai-tsaye, ya sake tayar da tambayar wa zai riƙe wannan nauyi da takardunsa. Ko ma wa ya riƙe, jerin sunayen malaman da ake biya da sunan wata makaranta abu ne da ya kamata kwamitin makarantar ya gwada da littafin sa hannun safe, domin ta haka ne kawai ake gane malamin da ke cikin takardar albashi amma yara ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

Lokacin da takardun makaranta suka fi ɓata shi ne lokacin canjin wurin aiki. Ofishin ilimi ya ɗauke hedimasta a tsakiyar zango, ya tafi da littafin bayanan taro a jakarsa domin yana ganin nasa ne, sabon da ya zo ya buɗe sabon littafi, asusun banki kuma ya ci gaba da ɗauke da sunan wanda ya tafi har sai wani tallafi ya taso a fara neman sa a waya. Sakataren ilimi yana da ikon toshe wannan kafa ba tare da wata sabuwar doka ba, ta hanyar hana hedimasta kama aiki a sabon wuri sai ya kawo takardar miƙa ragama mai ɗauke da jerin littattafan da ya bari, da ragowar kuɗin asusu a ranar, da adadin kayan sito, wadda shi da magajinsa da shugaban kwamiti suka sa wa hannu, aka kuma ajiye kwafinta a ofishin ƙaramar hukuma inda duk mai buƙata zai iya neman ta.